A ɗinka wa yara kayan jaruman gem a gida, amma a yi musu ɗinkin tufafin gaske

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da iyaye mata da teloli kan wani ɗinki da ya fara yawa a hannunmu. Yaro ya ga Mario ko Sonic a wayar babansa ko a gidan gem na unguwa, sai bikin ƙarshen zango ya zo a makaranta, ko bikin zagayowar ranar haihuwa, ya kafe shi kayan jarumin nan yake so. Iyaye su nufi kanti su sayo na kwali, 'yan waje, masu sheƙi kamar leda. Kafin a tashi daga taron hantsar wandon ta yage, yaron ya jiƙe sharkaf da gumi, wuyansa ya yi ja saboda kaushin ɗinki. Alhali da yadi biyu zuwa uku daga Kantin Kwari ko kowace kasuwar yadi, da keken ɗinkin da ke ɗaka, za a yi wanda ya fi shi kyau da ƙarko. Sharaɗin dai a ɗauke shi a matsayin tufa da ɗan mutum zai sa ya yi gudu, ya zauna, ya shiga banɗaki. Siffar jarumin daga baya take zuwa.

Shigar kwaikwayo ba baƙuwarmu ba ce. Duk wanda ya ga yaran tashe cikin azumi da gemun auduga da babbar rigar kaka ya san haka. Abin da ya zo daga waje shi ne jaruman, yawancinsu daga Japan, inda ake kiran wannan shiga kosupure. Kuma tarihin Mario kansa darasi ne ga tela. Lokacin da Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo ya zana shi a wasan Donkey Kong a 1981, hoton na'urar bai da ƙarfin nuna ƙananan abubuwa. Sai ya sa masa hula don kada ya sha wahalar zana gashi, ya yi masa gashin baki maimakon baki, ya sa masa wando mai ratayen kafaɗa mai launi daban da na riga don a riƙa ganin motsin hannuwa. Wato da alamomi uku aka gina shi. Haka kowane jarumi yake. Ki nemo abu uku da ake gane shi da su, ki kashe ƙarfinki a kansu, sauran ki bar shi tufa mai sauƙi.

Kafin almakashi ya taɓa yadi, a auna yaro yana tsaye ba takalmi: ƙirji, ƙugu, mazaunai, daga ƙugu zuwa idon sawu, da zagayen kai ta saman gira. Akwai awo ɗaya da ake yawan mantawa, kuma shi ke jawo yagewar wando. A zaunar da yaro a kan benci, a auna daga ƙugunsa zuwa katakon, a ƙara inci ɗaya da rabi. Wannan ne zurfin hantsa. Lissafin da zan kawo a ƙasa na ɗan shekara 5 zuwa 6 ne, mai ƙirji kamar inci 24, mazaunai 25, kai 20 da rabi. Wanda nasa ya bambanta sai ya gyara.

Zaɓen yadi kuwa, yanayinmu ne zai yanke hukunci. Hotunan da ake gani a intanet yawanci na ƙasashen sanyi ne, inda ake wannan shiga a ƙarshen Oktoba, shi ya sa suke amfani da yadin nan mai laushi irin na bargo. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, sa wa yaro wannan a watan Afrilu zalunci ne. Sai dai da hunturu. A nemi yadin auduga marar nauyi irin na rigar makaranta, wandon kuma irin yadin wandon makaranta ko jins mai laushi. A wanke yadin, a shanya, a goge, sannan a yanka, domin auduga tana tsukewa a wankin farko. Ja da shuɗi kowanne a wanke shi daban. Don a san ko ja zai zuba, a jiƙa farin ƙyalle, a ɗora a kai, a danna dutsen guga. In farin ya ɗauki launi, to kada a haɗa su a ɗinki ɗaya sai an ƙara wanki.

Bari in fara da Mario, mai jar hula mai harafin M da jar riga da shuɗin wando, tun da shi aka fi nema, kuma wanda ya iya nasa ya iya na ɗan'uwansa Luigi, sai dai a mayar da ja kore, harafin M ya zama L. Ana bukatar shuɗin yadi ɗaya da rabi mai faɗin inci 45, jan yadi rabi na hula, da ɗan fari da rawaya daga ƙyallayen tela. Rigar ciki kada a wahalar da kai: a sayi jar riga mai dogon hannu, ko a gwanjo ne. Dalili shi ne baƙin keken da ke yawancin gidaje, irin su Butterfly da tsohon Singer, miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, kuma miƙaƙƙen ɗinki a kan yadi mai talewa tsinkewa yake yi da zarar yaro ya cusa kai.

Hanya mafi sauƙi ta fitar da wandon ita ce a ɗauko wandon yaron da ya yi masa daidai, a ninke shi biyu, a ja hantsar waje, a shimfiɗa a kan takarda a zana da alli. A tabbata faɗin ya fi awon mazaunai da inci 4, a daidaita zurfin hantsa da awon bencin nan, a bar rabin inci na ɗinki ko'ina, inci biyu a ƙafa don kalmasa da za a iya saki in ya ƙara tsawo. Hantsa a bi ta sau biyu. Allon ƙirji faɗinsa inci 7, tsawonsa 6 da rabi bayan ɗinki, a yi shi ninki biyu don ya tsaya. Ratayen kafaɗa a yanka su inci 4 a faɗi, 20 a tsawo, a ninka a ɗinka a juya, za su fito inci ɗaya da rabi. A gicciya su a baya, in ba haka ba za su yi ta zamewa daga kafaɗa. A bayan ƙugu a zura roba wadda ta gaza awon bayan da inci 2.

Manyan maɓallan nan biyu masu rawaya su ne alamar wandon, amma ni ban ga amfanin maɓallin gaske ba. Ɗan shekara biyar da fitsari ya matse ba zai tsaya kokawa da maɓalli ba. A yanka da'ira biyu na rawayan ƙyalle masu faɗin inci ɗaya da rabi, a ɗinke su a bakin ratayen, a ƙarƙashi a sa mannen Velcro irin na takalman yara. Ɓangaren mai kaushi ya kalli waje, nesa da fata.

Hular ce ke da lissafi, kuma a nan ake yawan ɓata yadi. A yanka da'ira biyu na jan yadi, kowace faɗinta inci 11. Ɗaya za a huda mata rami inda kai zai shiga. Zagayen kai inci 20 da rabi, a ƙara rabin inci na sarari, ya zama 21. A raba 21 da 3.14, za a samu kusan 6.7. Kuskuren da ake yi shi ne a yanka ramin a wannan faɗi. In an yi haka, rabin incin ɗinki zai ƙara buɗe shi, hular ta riƙa faɗowa kan hanci. A cire inci ɗaya, a yanka ramin faɗin 5.7, sannan a ɗan tsattsaga bakinsa da kan almakashi, tsaga da ba ta kai rabin inci ba, don ya kwanta a kan madaurin da zai zagaye kai. Ramin a ɗan matsar da shi baya da inci ɗaya, ta yadda gaban hular zai yi tudu inda harafin zai zauna. Madaurin kai tsawonsa inci 22, faɗinsa 3, a ninka biyu, a manna masa irin gam ɗin da teloli ke sa wa wuyan riga. Bakin hular, mai siffar jinjirin wata, faɗi 7, zurfi 2 da rabi. Kada a sa masa kwali, wanki ɗaya zai mayar da shi tuwo. A yanko roba daga murfin bokitin fenti ko jikin galan da aka wanke, a goge gefenta da sanfefa don kada ta huda yadi. Farar da'ira mai faɗin inci 3 da jan M a ɗinke su tun kafin a haɗa da'irorin biyu, lokacin yadin yana shimfiɗe.

Gashin baki a zana shi da jagira. Kada a manna wa yaro komai a fuska da gam mai ƙarfi, kuma kada a yi amfani da kwallin dutse, domin irinsa da yawa yana ɗauke da gubar dalma, yaro kuwa hannu daga fuska sai baki. Farar safar hannu a sa masa don hoto, a cire in zai hau lilo, saboda santsi.

Sonic na kamfanin Sega, wanda ya fito a 1991, shuɗin bushiya ne, alamominsa ƙayoyin baya, jan takalmi mai farin ɗauri, da ciki mai launin fatar dabino mai haske. Ginshiƙin kayan riga ce mai hular haɗe. Hular a yi ta ƙyalle uku: gefe biyu da wani tsiri mai faɗin inci 4 da ya bi tsakiyar kai daga goshi zuwa ƙeya. Wannan zai ba da layin ɗinki biyu, a kowanne a cusa ƙaya uku. Kowace ƙaya ƙyalle biyu ne masu siffar ƙahon rago da bai gama lanƙwasa ba, tsawo inci 7, gindi inci 4. Abin da ke lalata aikin shi ne cika su da tsumma ko auduga har su yi tauri. Nauyin zai ja hular baya, gaban rigar ya shaƙe maƙogwaron yaro, ka gan shi yana ta jan wuyan riga. A yanka soson katifa mai kaurin rabin inci daidai siffar ƙayar, a zura, shi ke nan. Zai tsaya kuma ba nauyi. Jan takalmin riga ake yi wa takalmin yaron: a ɗora takarda a kai a fitar da siffar saman, a ɗinka, a sa roba biyu ta ƙarƙashi. Tafin takalmin a bar shi a buɗe. Wanda ya rufe shi da yadi ya shirya wa yaro faɗuwa a kan tayil.

Pikachu na wasan Pokémon, da aka fara a 1996, shi ma irin wannan rigar ce amma rawaya, da dogayen kunnuwa masu baƙin kai, jan kunci, da layi biyu masu ruwan ƙasa a baya. Wahalarsa a wutsiya take, mai siffar walƙiya, gindinta ruwan ƙasa. Bayan an ɗinka ƙyallen biyu, a tsaga kowane lungu na ciki har dab da zare, a datse kowane tsini, sannan a juya. In ba a yi haka ba lungunan za su tattare, walƙiya ta koma kamar hanji. A cika ta da soso, kada a sa waya. Waya tana huda yadi ta soki mai kayan ko na bayansa. A manna gindin da Velcro don a iya cirewa in za a zauna a aji ko a mota, a kama tsakiyarta da 'yar ɗinki a bayan rigar don ta tsaya sama.

Yara mata sukan nemi Gimbiya Peach ta wasan Mario, kuma rigarta ta dace da mu, doguwa ce har ƙasa, ruwan hoda, hannu mai kumburi, da shuɗin dutse a ƙirji. Ana iya ƙara tsawon hannun, a yi ƙaramin hijabi rawaya a madadin gashinta, kambin zinariya ya hau kai. Yadi biyu mai faɗin inci 60 ya isa, da rabin yadi mai duhun hoda na gefen ƙugu da bakin ƙasa. Faɗin siket ya ninka ƙugu sau biyu da rabi, wato ƙugu 22 yana son inci 55. Wajen tattara a yi layi biyu na dogon ɗinki, a ja zaren ƙasa a hankali daga ɓangarorin biyu. Layi ɗaya tsinkewa yake yi a tsakiya, sai an sake daga farko. In satin aka zaɓa, a sa allura lamba 11 sabuwa, domin lamba 14 da ake ɗinka auduga da ita tana jan zarensa, a kai gefuna wajen mai keken wibin saboda zarewa, kuma a yi shafi da auduga. Tsawon ya tsaya a idon sawu. Rigar da ke jan ƙasa tana da kyau a hoto, amma yarinya za ta taka ta a matakala.

Na Minecraft, wasan da ya fito daga Suwidin kuma kamfanin Microsoft ya saya a 2014, shi ne mafi arha, don komai nasa murabba'i ne. Fuskar jaruminsa Steve gida takwas ce a tsaye, takwas a kwance. In an sami kwali mai inci 10 kowane gefe, kowane gida zai zama inci ɗaya da kwata. A ja layuka da rula, a manna takardu masu launi. A huda idanu daidai inda idon yaron yake, ba inda zanen ya sa su ba, a faɗaɗa su sosai, a huda ramukan iska a sama da gefe, a ɗinke tsohuwar hular hana-salla a ciki don kwalin ya riƙa juyawa tare da kai. Duk da haka ban yarda a sa wa yaron da bai kai shekara 6 ba, kuma ko babba ya cire in zai tsallaka titi, domin ba ya ganin gefe. Koren dodon wasan, Creeper, ya fi daɗin ɗinki: a tattaro korayen ƙyallaye kala uku ko huɗu, a yanka murabba'ai inci 4, a jera su layi-layi, a goge kowane layi kafin a haɗa da na gaba, a fitar da riga marar hannu, baƙar fuskar a ƙirji.

Akwai waɗanda nake roƙon teloli su ƙi karɓa. Yara manya suna son shigar wasannin harbi irin su Free Fire da PUBG. Yadi mai zanen kakin soja haramun ne ga farar hula a Najeriya, kuma a halin da Arewa ke ciki, yaro da rufaffiyar fuska da bindigar roba da dare ba abin wasa ba ne.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, Malam Edita, wato wuta. Gidajenmu akwai gawayi, risho, kaskon turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, ga kyandir a kan kek ɗin biki daidai tsayin ƙirjin yaro. Kafin a ɗinka kowane yadi, a yanki ɗan ƙyalle, a riƙe da awartaki a tsakar gida kusa da bokitin ruwa, a kusanta shi da ashana. Auduga tana ci da warin takarda ta bar toka. Yadin roba narkewa yake yi ya dunƙule baƙi, kuma a jikin mutum mannewa yake yi da fata. Dukansu suna ci, don haka a guje wa abin da ke reto: faffaɗan hannu, mayafin baya mai tsawo, net mai yawa, da sakakkiyar auduga irin ta gemun tashe, wadda ke kamawa cikin ƙiftawar ido. Soson katifa ma yana ci sosai, shi ya sa dole ya kasance a rufe cikin yadi, kuma mai ƙaya ko wutsiya a nesanta shi da murhu. A koya wa yaro in tufarsa ta kama kada ya yi gudu, ya kwanta ya rufe fuska ya yi birgima. Ƙuna kuma a zuba mata ruwa mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ko ɗanyen ƙwai ba, kada a ɓamɓare yadin da ya manne, sannan a tafi asibiti.

Sai igiya. Kada a sa zariya a hular riga ko a wuya. Ƙa'idar tufafin yara ta Turai ta hana igiya a wuya da hula ga yaran da ba su kai shekara 7 ba, saboda tana maƙalewa a lilo ko ƙofa ta shaƙe yaro. Duk abin da zai zagaya wuya a rufe shi da ɗan guntun Velcro da zai ɓalle in an ja. Ga 'yan ƙasa da shekara 3, babu duwatsun ado, babu ƙananan maɓallai, babu idon roba. Komai a yi shi da ƙyalle a ɗinke. Masu son sa 'yan fitilu su sani ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, in yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona maƙoshi cikin sa'o'i biyu. Gam ɗin kyandir, wanda ake narkarwa da zafi, kuma na kwali da kambi ne kaɗai, a kan tufa ɓallewa yake yi in rana ta buga shi.

A fara aikin mako biyu kafin biki, a gwada wa yaro sau biyu: bayan an haɗa jiki da dogon ɗinki, da kuma kafin kalmasa. A wajen gwajin a sa shi ya tsuguna, ya ɗaga hannu sama, ya yi tsalle, ya cire kayan da kansa. Inda ya ja ko ya sosa, nan ne gyara yake. Bayan biki a cire wutsiyar Pikachu, a wanke da hannu cikin ruwan sanyi, a shanya a inuwa don kada ja da shuɗin su koɗe. Wandon Mario in an ɓalle rawayan da'irorin ya zama wandon zaman gida, rigar Sonic kuma ta yi aikin rigar sanyi.

Ina kuma roƙon jaridar nan, in da hali, ta riƙa buga zanen yankan irin waɗannan kaya da awonsu a shafin mata, musamman hular Mario da hular riga mai ƙyalle uku, domin su ne suka fi wuyar ganewa da baki.

Wassalam.

Naku,
Wani tela mai karanta jaridarku, Kano